Babi na Biyar: Abin da Wuta Ba Ta Cinyewa

"Ai tunda an soya shi, wuta ta kashe komai, ko ba haka ba?"

Duk inda zancen gurɓatar ruwa ya biyo ta kan kifi, wannan tambaya ce ke fara fitowa. Na fi jin ta a Unguwar Rogo, a nan birnin Sakkwato, bayan sallar Magariba, lokacin da masu suyar kifi ke kafa kaskonsu a bakin titi, mai yana tafasa, ƙamshin yaji da albasa ya cika wuri. Magidanci zai tsaya da babur ɗinsa ya ce, "Kihin ga na yau na?" Mai kifi ya ce, "Na yau na, Alhaji, da sahe aka kawo shi." Shi ke nan hankali ya kwanta, a ƙunshe a takarda a kai wa iyali.

Tambayar Alhaji tana da amfani, domin tana tsare gidansa daga kifin da ya kwana ya fara lalacewa. Hanci yana gane wannan, ido yana ganewa, kuma gaskiya ne wuta tana kashe yawancin ƙwayoyin cuta. Sai dai akwai wani abu da kifi kan ɗauko daga ruwan da ya rayu a ciki wanda ba shi da wari, ba ya sauya launin nama, kuma ko an kwana ana suya yana nan. A kansa wannan babi zai tsaya: yadda yake shiga kogi, abin da yake yi wa kifin can cikin halittarsa, da abin da ke tsallakowa daga kasko zuwa cikinmu.

Ƙarfe a cikin ruwa

Idan aka ce ƙarfe, abin da ke zuwa zuciya shi ne fartanya ko ƙusa, abin da za a jefa a ruwa ya nutse a ga inda ya faɗi. Amma ƙarfe yana narkewa, kamar yadda kanwa ke ɓacewa a tukunyar wake. Ba a ganin ta, amma tana ciki tana aikinta.

Akwai wani rukuni da masana ke kira ƙarafa masu nauyi, saboda yawancinsu sun ninka ruwa nauyi fiye da sau 5. Wasu mun daɗe da sanin su. Dalma ita ce ke cike da batirin mota, kuma ita ce ke cikin dutsen tozali mai walƙiya da kakanninmu ke dakawa. Zaiba ita ce ruwan azurfar nan da masu haƙar zinariya ke kama gwal da shi. Lita ɗaya tata ta kai kilo 13 da rabi. Wasu kuma sunayensu baƙi ne gare mu, kamar kadmiyam da kuromiyam da asanik. Jiki yana buƙatar ɗan kaɗan daga wasu ƙarafa, irin su baƙin ƙarfe da jan ƙarfe da zinki, shi ya sa ake ba masu juna biyu maganin ƙarin jini. Amma dalma da zaiba da kadmiyam ba su da wani aiki a jikin mutum ko na kifi, ko ƙanƙani.

Abin da ya raba su da sauran ƙazanta shi ne ba sa ruɓewa. Kashin shanu da ya faɗa kogi zai narke ya zama taki. Mushe zai ƙare. Dalmar da ta shiga kogi bana kuwa tana nan a matsayin dalma bayan shekara ɗari, wuri kawai take sauyawa. Kuma ɗan kaɗan ya isa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar dalma a ruwan sha a kan miligiram 0.01 a kowace lita. A lissafin 'yan garuwa, wannan daidai yake da a narkar da giram ɗaya tak a cikin jarka 4,000 masu cin lita 25.

Ta ina yake shiga kogi

Sakkwato na zaune a mahaɗar ruwa biyu. Gulbin Sakkwato ya taso daga wajen Funtuwa, ya ratsa Gusau, ya cika madatsar Bakolori kusa da Talatar Mafara, sannan ya iso nan. Gulbin Rima kuma ya tattaro ruwan Bunsuru da Gagare da na Gulbin Maraɗi, wanda ya shiga Nijar ya dawo, ya biyo ta madatsar Goronyo. Bayan sun haɗu sai su gangara Argungu da Birnin Kebbi har su faɗa kogin Neja. Duk abin da aka zubar a tsawon wannan tafiya, fasinja ne.

Mu fara da ƙofar gidanmu. Mai gyaran batir ya fasa tsohon batir ya tuntsurar da ruwansa a kwata. Bakanike ya juye baƙin mai a ƙasa. 'Yan gwangwan sun ƙona wayoyin lantarki don su ciro jan ƙarfe, tokar ta zauna a wurin. Batiran tocila da na rediyo da matattun wayoyin hannu suna kwance a bola. Yanzu kuma ga batiran sola da suka cika gari, waɗanda duk ranar da suka mutu sai an san inda aka kai su. Ƙasar gefen manyan tituna ma tana riƙe da dalmar tsohon fetur, duk da cewa tun farkon 2006 ƙasashen Afirka na kudu da Sahara suka daina sayar da fetur mai dalma. Duk rani waɗannan suna taruwa. Ruwan farko na damina ya zo ya wanke su zuwa kwalbati, kwalbati kuma ba ta da wurin zuwa sai fadama da gulbi. A fadamar ma akwai nata: takin zamani mai sinadarin fosfet yakan zo da ɗan kadmiyam a cikinsa, ana zubawa shekara da shekaru.

Sai batun jima. Sakkwato garin fata ne; fatar jar akuyarmu ta yi suna har ƙasashen Turai tun zamanin fatake. Majeman gargajiya da toka da bagaruwa suke aiki. Ruwan majema yana da wari, yana kuma cinye iskar da kifi ke shaƙa idan ya yi yawa, amma bagaruwa 'ya'yan itace ce, tana ruɓewa. Masana'antar fata ta zamani kuwa da gishirin kuromiyam take jima, domin ya fi sauri nesa ba kusa ba. Wanda yake son ganin inda wannan hanya ke kaiwa, ya dubi Kano. Ruwan masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa kogin Challawa, wanda shi ma yake da tasa unguwar masana'antu a bakinsa. Na Bompai yana bin rafin Getsi ya haɗu da Jakara, ya taru a madatsar Wasai ta Minjibir, inda ake su ana kuma noman rani. Shekaru da dama masu bincike na Jami'ar Bayero da na Ahmadu Bello suna ɗibar ruwa da laka da kifi daga waɗannan wurare, suna samun kuromiyam da dalma da kadmiyam a cikinsu. Ruwa ba ya tsami banza.

Mafi zafi a tarihinmu na kusa shi ne na Zamfara. A watan Maris na 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura yara ƙanana suna mutuwa da jijjiga a wasu ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinariyar da ake kawowa gida ana dakawa ana niƙawa cike yake da dalma. A Dareta da Yargalma da Abare da Bagega da maƙwabtansu, yara aƙalla 400 suka rasu, kuma sai a 2013 aka yi aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasar Bagega. A 2015 irin haka ta sake faruwa a Shikira ta jihar Neja. Ƙura da ƙasar tsakar gida ce ta kashe waɗannan yara, ba kifi ba, wannan dole a faɗe shi a fili. Amma a kududdufai da rafuka ake wanke garin dutsen, kuma da zaiba ake kama zinariyar. Ruwan wannan yanki Gulbin Zamfara yake bi, ta Gummi da Jega, ya sami Gulbin Sakkwato can ƙasa a jihar Kebbi.

Daga laka zuwa giwan ruwa

Ƙarfe ba ya daɗewa yana yawo a ruwa. Yana manne wa ƙwayoyin laka ya kwanta a ƙasa. Shi ya sa za a iya ɗibar ruwan sama-sama a gwada a ga kamar babu komai, alhali taɓon da ke ƙasa ya zama rumbu. Da rani, ruwa ya ja baya, kifi ya matsu a 'yan guraben da suka rage, yana kusa da wannan taɓo fiye da kowane lokaci.

Ta ƙofa biyu ƙarfe ke shiga kifi. Ta farko ita ce mashaƙarsa, jan abin nan mai kama da matsefi da ke ƙarƙashin marfin gefen kai, wanda ruwa ke ratsawa dare da rana. Ta biyu ita ce abinci. Tarwaɗa da ƙurungu masu kiwo a ƙasa ne, suna tonon laka suna cin tsutsa da dodon koɗi. Karfasa ta fi cin gansakuka da ƙananan tsirrai. Tsage da giwan ruwa kuwa 'yan'uwansu kifaye suke ci. Abin da ya shiga ba ya fita da saurin da ya shiga, sai ya yi ta taruwa kamar bashin da ba a biya: kadmiyam da jan ƙarfe a hanta da ƙoda, dalma a ƙashi da mashaƙa.

Zaiba ta fi su wayo. A cikin taɓo akwai ƙananan halittu da ke juya ta zuwa wani nau'i da ke manne wa tsoka, wato ainihin naman da muke ci. Ƙwaro ya ci gansakuka mai ɗauke da ita, kawara ta ci ƙwari dubu, tsage ya ci kawara ɗari, giwan ruwa ya ci duk wanda ya samu. A kowane mataki abin yana ninkuwa. Saboda haka ƙaton giwan ruwan da ake ɗagawa sama ana kiɗa a Matan Fada, a bikin kamun kifi na Argungu da aka fara tun 1934, shi ne littafin tarihin kogin: ya fi kowa daɗewa a ciki, ya fi kowa cin na ƙasa da shi. Idan ruwan mai tsabta ne, shi ma tsab yake. Idan akwai zaiba, a jikinsa za ta fi yawa.

Duniya ta koyi wannan darasi ne a wani garin masunta na Japan mai suna Minamata. Masana'antar sinadarai ta Chisso ta yi shekaru tana zuba ruwa mai zaiba a gaɓar tekun garin. Kyanwoyi ne suka fara nunawa, suna tangaɗi suna faɗawa ruwa. A 1956 likitoci suka ba da rahoton wata baƙuwar cuta: hannu da ƙafa su mutu, gani ya ƙuntata, magana ta karye. Uwaye da ba su nuna wata alama mai tsanani ba suka haifi 'ya'ya da naƙasar ƙwaƙwalwa. Sai a 1968 gwamnati ta tabbatar da musabbabin, aka daina zubarwa. Fiye da mutum 2,000 hukuma ta amince sun kamu. An kewaye gaɓar da raga don kada kifinta ya fita, kuma ba a cire ragar ba sai 1997. Da sunan wannan gari aka yi yarjejeniyar duniya ta 2013 kan taƙaita amfani da zaiba, wadda Najeriya ta sa wa hannu.

Littafin da ke cikin kowace ƙwaya

Yanzu mu shiga can ciki, inda ido ba ya kaiwa.

Jikin kifi, kamar namu, an gina shi da ƙananan ƙwayoyi, yadda ake gina soro da tubali. A tsakiyar kusan kowace ƙwaya akwai cibiya, a cikin cibiyar kuma akwai wani siririn zare da ake kira DNA, wanda mutane suka fi jin sunansa a rikicin tantance uban yaro. Mu kira shi zaren gado. A jikinsa aka rubuta duk umarnin halitta, da haruffa huɗu kacal da ake ta jujjuyawa: yadda za a gina ido, yadda hanta za ta yi aiki, lokacin da ƙwaya za ta rabu biyu da lokacin da za ta tsaya. Na ƙwayar mutum ɗaya, da za a warware shi, ya kai mita 2. An naɗe shi dunƙule-dunƙule kamar zare a mazari: mutum yana da dunƙule 46, karfasa 44, tarwaɗa 56.

Mutumin Sakkwato ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ke biyo baya, domin garin nan garin kwafar littattafai ne. Kafin zuwan injin ɗab'i, ɗalibi zai ari littafi ya zauna da tawada da alƙalami ya kwafe shi harafi bayan harafi. Idan ya gama, sai a zauna a yi muƙabala, ɗaya yana karanta asali ɗaya yana bin sabon, ana gyara inda hannu ya zame. Kuskuren da ya tsallake muƙabala ya zauna ke nan, kuma duk wanda ya kwafa daga wannan kwafi zai ɗauke shi ya wuce da shi gaba. Haka ƙwaya take yi duk lokacin da za ta rabu: ta kwafe littafinta gaba ɗaya, kuma tana da nata masu muƙabala, wasu sinadarai da aikinsu ke nan, bin zaren suna ɗinke inda ya tsinke suna sauya harafin da ya ɓaci. Ko a jiki mai lafiya, dubban ƙananan ɓarna ne ke faruwa a kowace ƙwaya kullum, ana gyara su ba tare da mun sani ba.

Ƙarafa masu nauyi ta hanyoyi uku suke ɓata wannan tsari. Ta farko, suna haddasa wani abu mai kama da tsatsa a cikin ƙwaya. Iskar da muke shaƙa, idan ta gamu da ƙarfe a inda bai kamata ba, tana fitar da wasu ɓarɓashi masu zafin nama, kamar tartsatsin maƙera, suna faɗawa kan zaren suna ƙona harafi ko su tsinka shi. Ta biyu, wasu suna kama zaren da kansu. Kuromiyam iri biyu ne: wanda ake jima da shi ba ya shiga ƙwaya da sauƙi, amma a wasu yanayi yakan rikiɗe ya koma ɗaya nau'in, wanda ƙwaya ke buɗe wa ƙofa saboda ya yi kama da wani gishiri da take buƙata. Da ya shiga sai ya sake rikiɗa ya liƙe wa zaren, ya haɗa shafukan da bai kamata su haɗu ba.

Ta uku ita ce ta fi tayar mini da hankali. Da yawa daga cikin masu muƙabalar nan da zinki suke aiki. Kadmiyam ya yi kama da zinki ƙwarai, har yakan ture shi ya zauna a gurbinsa, amma ba ya iya aikinsa. Dalma da asanik su ma suna raunana masu gyaran. Wato tawada tana zuba a kan littafi, kuma an rufe idon mai dubawa. Daga nan ko ɓarnar yau da kullum, wadda da an gyara ta cikin sa'a guda, sai ta zauna.

Ƙwayar da abin ya shafa tana da makoma uku. Ko ta samu ta gyara, ko ta kashe kanta don kada ta yaɗa kuskuren, ko kuma ta rayu da shi ta ci gaba da haihuwar irinta. Ta ukun nan ce hanyar ƙari da ciwon daji. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya, mai mazauni a birnin Liyon na Faransa, ta sa kadmiyam da asanik da wancan nau'in kuromiyam a sahun farko na abubuwan da aka tabbatar suna jawo ciwon daji ga ɗan Adam. Idan kuma ɓarnar ta faɗa kan ƙwan kifi ko maniyyinsa, 'ya'yan ne za su biya: ƙwai da yawa ba za su ƙyanƙyashe ba, wasu su fito da karkataccen gadon baya, su zama abincin wani tun ba su yi mako ba. Masunta sun daɗe suna kukan kifi ya ragu. Madatsun ruwa da raga mai ƙananan ido da masu zuba guba don kamun sauri duk suna da kasonsu a ciki. Wannan kuwa kaso ne da ba ya barin gawa a bakin ruwa, kifin da ba a haifa ba ne.

Ɗigon jini a kan gilashi

Ta yaya ake gane ɓarnar da ba a gani? A nan Allah ya sauƙaƙa wa masu bincike. Jajayen ƙwayoyin jinin mutum ba su da cibiya, amma na kifi suna da ita. Saboda haka ɗigo ɗaya na jinin tarwaɗa, da aka zuƙo daga wajen wutsiya ba tare da an kashe ta ba, ya ƙunshi dubban kwafin littafinta.

Gwaji na farko mai sauƙi ne. A shafa jinin a kan ɗan gilashi, a bari ya bushe, a rina shi da wani launi mai kama cibiya, a sa a madubin da ke ƙara girman ƙananan abubuwa. Lafiyayyar ƙwaya tana da cibiya ɗaya, mai siffar ƙwai, a tsakiya. Amma idan zaren ya tsinke lokacin da ƙwaya ke rabuwa, guntun da aka bari a baya yakan dunƙule shi kaɗai a gefe, kamar ɗan tsako kusa da kaza. Mai bincike zai ƙirga ƙwaya 1,000 ko 2,000 daga kowane kifi ya rubuta nawa ne ke da wannan 'yar cibiya. A ruwa mai tsabta ƙalilan ne. Idan aka kamo kifi iri ɗaya, masu girma ɗaya, wasu daga saman inda kwata ke shiga kogi wasu daga ƙasansa, aka ga na ƙasa sun ninka, to kogin ya yi magana.

Gwaji na biyu wasu masana biyu na ƙasar Suwidin ne suka fito da shi a 1984, aka inganta shi a Amurka a 1988. Ana dasa ƙwayoyin a cikin wani abu mai kama da kamu da ya daskare, a narkar da bangonsu, sannan a saki wutar lantarki mara ƙarfi ta ratsa. Zaren da yake cikakke yana da tsawo da nauyi, yana nan inda yake a dunƙule. Gutsattsarin da suka tsinke kuwa sai wutar ta ja su gefe ɗaya. Idan aka duba, sai a ga kai mai haske da jela a bayansa, sak tauraruwa mai wutsiya, kuma sunan gwajin ke nan. Gwargwadon tsawon wutsiya, gwargwadon ɓarna.

Darajar waɗannan gwaje-gwaje ita ce suna yin gargaɗi da wuri. Kafin a ga matattun kifaye suna yawo a saman ruwa, kafin asibiti ta fara ganin yara, jinin kifi ya riga ya nuna. Su kaɗai ba sa faɗin wane ne mai laifi, domin maganin feshi da baƙin mai su ma suna tsinka zaren. Sai an haɗa da awon ƙarfen da ke cikin hanta da tsoka da laka. Amma na farkon bai fi ƙarfin ɗakin gwaje-gwajen kowace jami'a tamu ba. Madubi ne da gilashi da launi da haƙurin ƙirga.

Abin da ke tsallakowa

Akwai wata fahimta da ya kamata a gyara. Wanda ya ci kifin da zaren gadonsa ya lalace, lalacewar ba ta shiga nasa zaren. Ciki yana narkar da zaren kifi kamar yadda yake narkar da na wake da na rago. Abin da ke tsallakowa shi ne ƙarfen da ya yi ɓarnar, kuma idan ya shigo, aikin da ya yi a can shi zai yi a nan.

Suya ba ta taɓa shi. Banda da shanya ma ruwa suke cirewa su bar ƙarfen, don haka kilo ɗaya na busasshen kifi ya tattara abin da ke cikin kilo da yawa na ɗanye. Ma'aunin abinci na duniya ya sa iyakar dalma a naman kifi a kan miligiram 0.3 a kowane kilo. Ba cin yini ɗaya ne abin tsoro ba, tarin shekaru ne. Kadmiyam yana zama a ƙodar mutum shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita. Dalma tana ɓuya a ƙashi, kuma idan mace ta sami ciki takan fito tare da sinadarin ƙashi ta isa ga ɗan tayi. Yaro ƙarami yana tsotse dalmar da ya haɗiya ninki 4 zuwa 5 na babba, ya fi haka ma idan yana fama da ƙarancin jini, kuma a ƙwaƙwalwarsa take sauka.

To, a daina cin kifi?

A'a. Wanda ya karanta wannan babi ya hana 'ya'yansa kifi ya cuce su, ya kuma cuci masuncin da ya kwana a kan ruwa. Kifi na daga cikin mafi kyawun abin da talaka ke iya sa wa a miya, yana gina jiki da ƙwaƙwalwa, kuma yaron da ya ƙoshi da abinci mai kyau jikinsa ya fi ture dalma.

Abin da ke hannun uwargida shi ne ta cire mashaƙa da kayan ciki duka, har da hanta da baƙin jinin da ke manne a gadon baya, wanda shi ne ƙodar kifi, ta zubar inda kaji ba za su ci ba. Mai juna biyu da mai shayarwa da ƙananan yara su fi karkata ga matsakaitan kifaye irin karfasa, su rage yawan cin manyan masu farauta. Kada gida ya dogara da kifin wuri ɗaya shekara da shekaru, kuma a guji na kududdufin cikin gari da kwata ke zuba a ciki, da na ramin da aka taɓa wanke zinariya. Maigida kuma, bayan ya tambayi ko na yau ne, ya ƙara da tambayar daga wane ruwa aka kamo shi. Idan masu saye suka yawaita wannan tambaya, masu sayarwa za su fara yi wa dillalansu ita.

Sauran aikin ya fi ƙarfin madafa. Mai gyaran batir ya tara matattun batira ya mayar wa masu sake sarrafa su ba tare da ya fasa ba. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007 don tsare dokokin muhalli, da ma'aikatun muhalli na jihohi, su ne ke da ikon hana kowace masana'anta sakin ruwanta ba tare da tacewa ba. Malamai da ɗaliban Jami'ar Usmanu Danfodiyo kuwa kogin yana bakin ƙofarsu, a Kwalkwalawa, kuma sun daɗe suna ɗibar ruwa da kifi a wurin don bincike. Roƙona gare su shi ne a mayar da wannan awo na kowace shekara, rani da damina, a wurare sanannu tun daga Goronyo har Argungu, a haɗa da gwajin jini, sannan a faɗi sakamakon da Hausa a gidan rediyon Rima, a kuma kai wa Sarkin Ruwa na kowane yanki, domin mutanensa ne farkon masu cin abin da suka kamo.

Ruwan da kifi ke sha, shi ne injin ban ruwa ke ja zuwa fadama da rani. A yankin Toyama na Japan, ta shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu kadmiyam ya shiga jikin manoma, har ƙasusuwansu suka riƙa karyewa. A babi na gaba za mu fito daga gulbi mu hau tudu, mu bi alayyafo da latas da albasa daga bakin Jakara da fadamar Rima har zuwa faranti.